Yadda Za Ka Koyar da Ɗalibai Darasin Koguna da Sauyin Yanayi, Mataki-Mataki

Tun da na fara fita da 'yan ajina zuwa bakin Kogin Haɗeja, malamai 'yan'uwana ke ta yi mini tambayoyi iri ɗaya: ta ina ake farawa, me ake saya, kuma yaya ake shawo kan iyaye har su bar yaro ya je bakin ruwa? Ga tsarin da nake bi da 'yan aji biyu da uku na ƙaramar sakandare. Yana cin mako takwas idan kana da darasi biyu a mako, ban da awon ruwan sama da ke tafiya har ƙarshen damina. Malamin firamare zai iya ɗaukarsa ya rage lissafin.

1. Zaɓi kogin da yaranka suka sani

Kada ka fara da Nilu ko Amazon. Fara da ruwan da yaro ya taɓa tsallakawa, ko da rafi ne da ke ƙafewa kafin hunturu ya wuce. Mutumin Sakkwato yana da Rima, na Maraɗi yana da Gulbin Maraɗi, na Yola yana da Binuwai, na cikin birnin Kano yana da Jakara da Challawa.

Sannan ka bi kogin a takarda daga tushe zuwa inda ya ƙare, kai kanka, kafin ka shiga aji. Namu ga yadda yake: Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Ya ratsa Ringim da Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, inda yake gamuwa da Kogin Jama'are da ya gangaro daga tsaunukan Jos. Daga nan sunansa Yobe, ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyakar Najeriya da Nijar wajen Diffa, ya zube a Tafkin Chadi. Rubuta duk madatsar ruwa da ke kan hanya da shekarar da aka gama ta. A namu akwai Tiga a 1974 da Challawa a 1992. Waɗannan shekaru biyu za su yi maka aiki sosai a mataki na tara.

2. Nemi izini, tara kaya

Izini uku kake bukata, kuma a jere: shugaban makaranta, iyaye, sai mai unguwa ko dagacin wurin da za ku je. Takardar iyaye ka rubuta ta da Hausa, ka faɗi rana, da lokacin fita da na dawowa, da sunayen malaman da za su raka. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa babu yaron da zai shiga ruwa. Wannan jimla ɗaya ita ke sa uwa ta yarda. Wajen dagaci kuwa ka je da ƙafarka, ka yi gaisuwa, ka roƙi ya haɗa ka da Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci da zai tsaya tare da ku.

Kayan aiki yawancinsu tsintuwa ne. Yara su kawo robobin lemo manya, tsofaffin jarkoki, duwatsu, yashi da ƙasar gona. Abin da za ka saya kaɗan ne: tef ɗin awo irin na magina, igiya mai tsawon mita 20, rula biyar ko shida, alƙalamin maka mai rubutun da ruwa ba ya gogewa, salatif, da babban littafi mai bango mai kauri guda ɗaya. Agogo kuwa na wayarka ya isa. Abin da ke cin kuɗi na gaske motar zuwa ce, sai ruwan sha. Idan kogin bai wuce tafiyar minti talatin ba, ku taka da ƙafa da sassafe, kun huta da rabin kashe kuɗin.

Gargaɗi: kada ka karɓi ko sisi a hannun yaro kai tsaye. Duk gudummawa ta bi ta ƙungiyar iyaye da malamai, a rubuta. Maganar kuɗi ta fi komai saurin kashe irin wannan aiki.

3. Zana kogin a ƙasa

Darasi na farko a filin makaranta ake yin sa. Tara tudun yashi a gefe ɗaya, ka tona ƙananan hanyoyi biyu su haɗu su zama ɗaya, ka yi kwari a ƙarshe. Yaro ɗaya ya zuba ruwa da buta daga tudu, sauran su tsaya a matsayin garuruwa: wannan Wudil, wancan Haɗeja, na can ƙarshe Gashuwa. Sai ka sa a tare hanya ɗaya da bulo, ka tambayi "Gashuwa" me ya iso gare shi. Ka zuba garin bula a ruwan "Kano", su ga inda launin ya tsaya.

A nan ne za ka tabbatar da kalmomi: tushe, gaɓa, mahaɗa, mashigi, fadama, jigawa. Ka bar yara su kawo nasu, domin abin da wani gari ke kira rafi wani ƙorama yake ce masa, kuma duk daidai ne.

A wannan makon kuma ka shuka gero ko ciyawa a robar da za ka yi gwajin mataki na biyar da ita. Idan ka manta, za ka jira mako biyu a banza.

4. Haɗa ma'aunin ruwan sama

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, saboda haka kada ka yi masa gaggawa.

Samu roba mai miƙaƙƙen jiki, wadda ba ta da ƙugu. Yanke samanta daga inda kafaɗa ta ƙare, ka kifa abin da ka yanke a ciki ya zama mazurari. Zuba ƙananan duwatsu a gindi don kada iska ta ɗauke ta, ka zuba ruwa har ya rufe duwatsun, ka ja layi a nan ka rubuta 0. Manna rula a jiki, sifirin rula daidai da layin. Ajiye ta a fili, nesa da bango ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsawonsu, ka tona rami kaɗan ka dasa ta, ka kewaye da ƙaya saboda awaki.

Kowace safiya, lokaci ɗaya, yara biyu su durƙusa su karanta milimita nawa ruwan ya hau, idonsu daidai da saman ruwan. Su rubuta a babban littafi, su zubar, su mayar da ruwa kan layin sifiri. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0. Barin gurbi babu komai kuskure ne, domin bayan wata uku ba mai iya tuna ko ba a yi ruwa ba ne ko mantawa aka yi.

Ranar da aka fara samun ruwa mai yawa, ka yi musu wannan lissafi a allo. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Idan rufin ajinku mita 9 ne da mita 7, murabba'in mita 63 ke nan. Ruwan milimita 30 a kansa lita 1,890 ne, sama da jarka 75 mai cin lita 25. Yaron da ya saba turo kurar ruwa kafin ya zo makaranta, da ka ce jarka 75 daga rufi ɗaya a dare ɗaya, za ka ga ya gyara zama. Daga nan ka tambaye su rufi nawa ne a unguwarsu, kuma duk ruwan ina ya nufa.

Gargaɗi: dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar marka, lokacin da aka fi yin ruwa. Shekarata ta farko na bar ma'aunin a makaranta, na dawo na tarar da awon Agusta gaba ɗaya babu. Yanzu nakan sa a haɗa guda shida, yara biyar masu kula su tafi da su gida da takardar rubutu, ɗaya kuma in bar wa maigadi.

5. Gwaji biyu a cikin aji

Na farko na zaizayar ƙasa ne. Tsaga robobi uku a tsaye su zama kamar kwalekwale, ka cika su da ƙasa iri ɗaya. Ɗaya a bar ta tsirara, ɗaya a rufe da karmami da busasshen ganye, ta uku ita ce wadda ka shuka. Karkata su daidai wa daida, ka sa kofi a bakin kowace, ka zuba ruwa kofi biyu-biyu a hankali. Ruwan ƙasar tsirara zai riga fitowa, ja wur da laka. Na mai ciyawa zai makara, ya fito kaɗan, kusan garai. Ka ajiye kofunan zuwa gobe su ga lakar da ta kwanta, ka ce musu haka cikin kogi da cikin dam ke cikewa.

Na biyu mai sauƙi ne: faranti biyu iri ɗaya, ruwa daidai, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, a auna abin da ya rage bayan tashi. Wannan zai dawo a mataki na takwas.

6. Ranar zuwa kogi

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ja baya amma alamunsa na nan. Idan da hali ku koma wuri ɗaya a bazara, Maris ko Afrilu, ku sake awo. Bambancin awon biyu ya fi duk bayanin da za ka yi.

Ka je kai kaɗai kwana biyu kafin ranar, ka zaɓi wuri mai shimfiɗaɗɗiyar gaɓa, ka duba inuwa da inda 'yan mata za su kewaya. Babba ɗaya ga yara goma, kuma dole da malama a tafiyar. Ƙirga yara kafin fita, da isa, da tasowa.

Gargaɗi, kuma wannan ba na wasa ba ne: yaro ba ya sa ƙafa a ruwa. Ban da nutsewa, ruwan da ke kwance mai ciyayi da dodon koɗi shi ke ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga. Nisanci wurin da tifofi ke ɗiban yashi, domin ƙarƙashin ruwan ramuka ne masu zurfi, gaɓar kuma tana iya ruftawa. Da damina kada ka tsayar da yara a cikin busasshen rafi ko da sama tas take, ruwan da aka yi can nesa yana iya isowa ba sallama.

Raba su rukuni huɗu. Rukunin farko su auna gudun ruwa: a miƙa igiya mita 10 a bakin gaɓa, a jefa guntun kara a sama da farkon igiyar, a ƙirga daƙiƙa nawa ya yi kafin ya kai ƙarshe. Sau biyar, a ɗauki matsakaici. Rukuni na biyu su rubuta faɗi da zurfi, amma masuncin da ke tare da ku shi zai shiga da gorar da kuka yi wa zane, yana kiran lamba suna rubutawa. Rukuni na uku su nemi alamun inda ruwa ya kai bana: layin laka a jikin bishiya, ledoji da kara da suka maƙale a reshe, su auna tsayinsu daga ƙasa. Rukuni na huɗu su zana duk abin da mutane ke yi a wurin, daga injin ban-ruwa da masu wanki zuwa shanu da bola.

Lissafin a aji ake yi washegari. Misali, faɗi mita 4, matsakaicin zurfi mita 0.3, ka ninka su ka samu 1.2. Kara ya yi mita 10 a daƙiƙa 25, wato mita 0.4 a daƙiƙa. Ninka wannan da 0.8, saboda ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, ka samu 0.32. Ninka 1.2 da 0.32, ka samu 0.384, ka ninka da 1,000 don juya shi zuwa lita, wato lita 384 ke wucewa duk daƙiƙa ɗaya. Idan kogin ya fi ƙarfin wannan awo, ku yi a ƙaramin reshe ko a hanyar ruwan noman rani.

7. Tura su wajen kakanni

Kowane yaro ya tafi gida da tambaya biyar, ya durƙusa ya gaida kaka ko baba tsoho, ya roƙi labari. Da kuna yara wane wata ruwa ke zuwa, wane wata yake ƙafewa? Wane kifi ake kamawa da yanzu ba a gani? Ina gaɓar take a da? Wace shekara ce ta fi yunwa? Wace ce ta fi ambaliya?

Tsofaffi ba sa ba da shekara da lamba, da mai mulki suke lissafi, don haka ka taimaka wa yara su juya. Farin "zamanin Gowon" shi ne na 1972 zuwa 1974, wanda a Nijar za a ce maka na ƙarshen mulkin Diori. Na "Buhari na soja" ko na "zamanin Kunce" shi ne na 1983 da 1984. Ja dogon layi a bangon aji daga 1960 zuwa bana, kowa ya manna abin da ya samo. Kai kuma ka ƙara manyan ambaliyoyin da aka sani: 2012, da 2022 wadda ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya kuma ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, da ta Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle.

Inda tsofaffi biyu suka saɓa, kada ka yanke hukunci. Manna duka biyun.

8. Sai yanzu ka kawo sauyin yanayi

Mako shida sun wuce ba ka ambaci kalmar ba, kuma da gangan ne. Yanzu yara suna da lambobinsu da labaran gidajensu, akwai inda bayanin zai zauna.

Fara da warware wata matsala ta harshenmu. Kalmar "yanayi" tana ɗaukar abu biyu: yanayin yau, wato ko an yi hadari ko rana, da kuma yanayin da wuri ya saba da shi shekara da shekaru. Ni nakan ce musu na farko fuskar gari ne, na biyu halin gari. Fuska tana sauyawa kullum, hali kuwa sai an zauna da mutum an daɗe ake gane ya sauya. Masana sukan duba shekara 30 kafin su yi magana a kan hali. Saboda haka littafin awonku na damina ɗaya ba hujjar sauyin yanayi ba ne, ka faɗa musu wannan a fili.

Sannan dalili. Ƙona fetur da gawayin ƙasa da gas, da sare dazuzzuka, suna ƙara iskar kabon a sama, ita kuma tana riƙe zafi kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 cikin miliyan, yanzu ta haura 420. Duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1, kuma 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara awo. Yanzu ɗauko farantanka biyu. Zafi yana shanye ruwan kogi da na gona da sauri, iska mai ɗumi kuma tana ɗaukar ƙarin tururi, kusan kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya. Abin da ta ɗauka da yawa, da yawa take saukewa. Shi ya sa gari ɗaya zai ga tsaikon ruwa na mako uku shuka tana ƙonewa, sannan dare ɗaya ya sha ruwan da zai rusa katangu.

Gargaɗi: kada ka cakuɗa wannan da hujewar lemar ozon, wato shimfiɗar iskar da ke can sama tana tare hasken rana mai cutarwa. Matsala ce daban, kuma na ga malamai da yawa suna haɗa su.

Za a sami yaron da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ruwa Allah ke saukarwa." Kada ka ture shi, gaskiya ya faɗa. Ka ce masa haka ne, kuma Shi ne ya faɗa a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Idan ka sami malamin addini ya zauna a wannan darasi, ya fi.

9. Koya musu rarrabewa

A ganina nan ne darasin yake cin sunansa, kuma nan aka fi yin kuskure. An saba ɗora wa sauyin yanayi komai, har magudanar da muka toshe da hannunmu. Yaron da aka koya wa haka zai tashi yana ganin ba abin da ya rage masa sai kallo.

Raba allo gida uku: abin da sama ta kawo, abin da hannunmu ya yi a nan, da abin da suka haɗu a kai. Sai ka riƙa kawo misali suna muhawara. Kachallar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru fa? Su koma layin bango, su ga ta yi ƙarfi ne bayan madatsun ruwa sun sauya tafiyar kogin, wuraren da a da suke bushewa ƙayau da rani suka koma da ruwa kullum. Ruwan da ya shiga gidajen da aka gina a kan tsohon kududdufi fa? Ambaliyar Binuwai idan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru bayan ruwan sama mai yawa fa?

Ka ajiye Tafkin Chadi a ƙarshe. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka, babban dalili kuwa fari ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Lagone yake zuwa, ta Chadi da Kamaru, namu na Yobe ɗan kaɗan ne. Kuma tun bayan wancan farin ya ɗan farfaɗo, yana cika yana ja da baya gwargwadon damina. Ka ba su labarin da cikarsa, kada ka tsaya a kan "tafki ya ƙafe" kawai.

Kula da yaran da ambaliya ta taɓa ci wa gida ko ta ɗauke musu wani. Ka san su tun kafin darasin, kada ka kira sunansu su ba da labari sai in su suka nema, kuma ka bar hotunan gawarwaki a wayarka.

10. Auna abin da suka koya, ka miƙa littafin

Maimakon "kawo ma'anar sauyin yanayi", ba su tambaya irin wannan: ga awon ruwan Yuli na garinmu, wace rana ce ruwa zai fi shiga unguwa, kuma me ya sa? Kowane rukuni kuma ya zaɓi aiki ɗaya da zai gama cikin wata guda, kamar yashe magudanar bakin makaranta, dasa bishiya goma da sunan mai ba kowace ruwa, ko kafa sanda mai zanen awo a gindin gada da izinin dagaci. Wani rukunin ya nemo hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa farkon shekara, da na ambaliya na NIHSA, hukumar da ke lura da ruwan kogunan Najeriya, su karanta wa iyaye da Hausa ranar taro.

Babban littafin nan kuwa na makaranta ne, ba naka ba. Rubuta a shafin farko inda aka dasa ma'auni, da irin robar, da ƙarfe nawa ake karantawa, da daidai wurin da kuka yi awo a bakin kogi, da wata alama da ba ta gushewa kamar gada ko tsohuwar tsamiya. Ka sa 'yan aji uku masu fita su koya wa 'yan aji ɗaya karatun rula kafin ruwan farko ya sauka, ka damƙa littafin a ofishin shugaban makaranta duk ƙarshen zango, a sa hannu.